Ranar da Malam Ya Tambayi Likita

Malam, mijina, ya yi kwana goma sha tara a babban asibitin birni kafin ya san abin da yake kashe shi. Likitoci sun sani, ƙaninsa ya sani, ni ma daga baya na sani. Shi mai cikin, shi kaɗai ne bai sani ba. A shekarar da soja suka hana shigo da alkama daga waje aka yi wannan, shekarar da kowa a ƙasar Kura da Bunkure ya haukace da noman alkama, har masu sayar da goro suka zama manoma.

Amma bari in fara da maganar gona, don ba don ita ba da ban ɗaga hankalin kowa ba.

Lokacin da aka kawo mana ruwan kanal, shekaru kafin wannan, ma'aikata sun zo da katafila sun baje gonakin garinmu kaf. Suka tuge itatuwa, suka share iyakokin da muka gada, har kukar da kowa yake kwatance da ita sai da suka kayar. Da suka gama sai suka auna, suka kakkafa turakun ƙarfe, suka ce wane ga taka, wane ga taka. To a wajen kafa turke aka yi kuskure. Turken da ya raba gonar Malam da ta maƙwabcinmu ya shiga cikin ta maƙwabcin da taku uku, tun daga bakin kanal har ƙarshen gona. Malam ya gane tun a ranar. Ya dawo gida ya ce da ni, "Mutanen nan sun ƙara mini abin da ba nawa ba." Na ce to ka koma ka faɗa. Ya ce bari abubuwa su lafa. Shi kuma maƙwabcin mutum ne mai sanyi, in akuyarka ta ci masa dawa shi zai ba ka haƙuri. Ya yi 'yar magana sau ɗaya, aka ce masa ai awon ma'aikata ne, ya ja bakinsa. Bayan shekara biyu ya rasu, ya bar ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata uku.

Kar wani ya karanta wannan ya ce Malam azzalumi ne. Ba azzalumi ba ne, mutum ne mai son gobe. In an yi girbi sai ya ce bari a zo huɗa ya gyara iyaka. In an zo huɗa sai ya ce ai an riga an watsa taki, bari a girbe. Haka muka yi ta yi. Ni da shi kaɗai muka san zancen. 'Ya'yanmu maza biyu sun tashi sun ga turke a inda yake, a wurinsu nan ne iyaka, babu wata magana.

Ciwon da kaka ya fara. Ya daina cinye tuwonsa, idonsa ya yi ɗorawa, muka ce shawara ce. Na jiƙa masa rawaya da tsamiya, ya sha har ya gaji. Sai cikinsa ya fara tasowa ta gefen dama, in ka taɓa tauri kamar dutsen niƙa. Duk da haka shi ya tsaya aka shuka alkama. Ban ruwa na farko da na biyu da kansa ya yi. A na uku aka tsince shi a bakin kanal ya faɗi, da tiyo a hannunsa. Ƙaninsa, wanda yake koyarwa a firamare a Dawakin Kudu, shi ne ɗan bokon gidan, shi ya ɗauko shatar mota muka kai shi birni.

Ni na zauna jinya. Mu masu jinya a gindin wata darbejiya muke a bayan ɗakin maza, kowa da tabarmarta da rishonta. Da safe in likita zai yi zagaye sai a kore mu waje kamar kaji, ni kuwa sai in zagaya in tsaya ta taga, don gadon Malam yana kusa da ita. Tun ranar farko suka kafa masa doka: ba mai, ba nama, ba gishiri, ba yaji. Kunu da fate salam. Kullum sai ya yi mita, ya ce ko a kurkuku ana sa gishiri. Suka soka masa wata doguwar allura a ciki suka ɗebi ɗan abu, suka ce za a kai a duba, mu jira.

A rana ta goma aka kira ƙanin Malam ofis. Ina kallonsa ya fito, ya wuce bakin famfo, ya daɗe yana wanke fuska kamar wanda ya yi aikin bulo. Daga nan ya fita ƙofar asibiti, ya dawo da tsire a takarda da fura a kwano. Ya ajiye a gaban yayansa yana wani washe baki, ya ce, "Likita ya ce daga yau ka ci duk abin da ranka yake so."

Malam ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Ke da kike ta kumbura fuska. Sauƙi ya samu."

Ni kuwa ban yi murna ba. Na yi jinyar uwata, na yi ta yayata, kuma ni nake wankan gawar mata a unguwarmu. Na san ba a sakar wa mara lafiya abinci sai ɗayan biyu: ko ya warke, ko an cire rai da shi. Mutumin da cikinsa yake ƙara girma kullum, ƙafarsa ta fara kumburi, ba warkewa yake yi ba.

Na bari sai da ƙanin ya fito, na tare shi a gindin darbejiya.

"Kai, ƙaramin miji, zo nan."

"Matar yaya, yau kuma da wace aka zo? Ko don ba a ɗanɗana miki tsiren ba ne?"

"Riƙe tsirenka. Me likita ya ce da kai a ofis?"

"Ya ce a ci gaba da addu'a."

"Addu'a tun ba a haife ka ba muke yin ta. Dube ni nan. Ni na goya ka a gidanmu, na san fuskarka in kana ƙarya tun kana satar mini ƙuli-ƙuli."

Sai ya durƙushe a kan tabarmata, ƙato da shi, ya rufe fuska da hula. Ya ce daji ne, a hanta, kuma ya riga ya ci wuri. Ya ce likita ya ce wata biyu, in ya yi yawa uku, amma Allah ne masani.

Na yi salati, na zauna kusa da shi. Sannan na ce, "Shi Malam ɗin yaushe za a faɗa masa?"

"Haba matar yaya! A faɗa masa? Likita da kansa ya ce kada a kuskura. So kike zuciyarsa ta buga?"

Nan na kwashe zancen taku uku na faɗa masa, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce, "Wannan maganar ki binne ta. Wa ya ji ban da ke? In ta Allah ta kasance gona ta zama gado, kuma babu alƙalin da zai yanki ƙasa a kan maganar mace ɗaya. Yaranki ma ba za su yarda ba, bana da alkama take tsada. Rigima kawai za ki tayar."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. In Malam bai buɗe baki da kansa a gaban shaidu ba, shi ke nan, ƙasar marayu ta bi shi kabari. Kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban malamai ya san abin da suke faɗa a kan mai cin ƙasar wani, ko da taƙi ɗaya ce. Shekara talatin da biyu ina zaune da mutumin nan. Ban ga yadda zan zuba ido ya tafi da wannan kaya yana cin tsire yana jiran gobe ba.

Na fara gwadawa da kaina. Da yamma ina shafa masa mai a ƙafa na ce, "Malam, ciwon nan fa ba ƙarami ba ne. Ka gyara abin da za ka gyara."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ke dai da mugun baki. Shekarar da na yi kurkunu ma cewa kika yi in yi wasiyya. Yaushe kika zama likita? Masu abin sun ce in ci nama, ke kina ce mini me?"

To na san daga bakina ba zai karɓa ba. Sai daga bakin masu farar riga.

Likitoci biyu ne a kansa. Akwai babban, dattijo mai furfura da tabarau, wanda in ya shigo har nas-nas suke gyara tsayuwa. Akwai kuma ƙaramin, wani siririn yaro da yake bin sa a baya da takardu, shi yake dawowa da la'asar ya zuƙe wa Malam ruwan ciki. Na fara da babban. Na tsare shi a baranda bayan zagaye, wata nas tana ja mini mayafi, na fizge.

"Likita, ni ce matar mai gado na bakwai. Don me ba za ka faɗa masa abin da yake damunsa ba?"

Ban yi zaton zai tsaya ba, amma ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Iya, na daɗe ina wannan aiki. A da ina faɗa. Na faɗa wa wani, ya juya fuskarsa bango, bai ƙara sa komai a baki ba, bai yi sati ba ya mutu, alhali da zai iya yin wata shida a cikin iyalinsa. Na faɗa wa wani, ya sulale ya tafi wajen masu magani, suka tsattsaga masa ciki suka cusa gari, aka dawo mini da shi yana wari. Mutanenmu da sun ji an ce daji sai su ji an ce kabari. Kuma ni ba Allah ba ne da zan ce da mutum ga ranarka. Na faɗa wa danginsa, su suka san shi."

Na ce, "Dangin da ka faɗa wa, kwana nawa ya taɓa yi a ɗaki ɗaya da shi? Me ya sa ba ni ka kira ba?"

Ya ce, "Wanda ya sa hannu a takarda shi muke kira."

A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Wannan maganar tana cikin abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina. Amma ba na zagin dattijon nan. Abin da ya gani ya faɗa, kuma ni ma na san mutanen da in ka faɗa musu ka gama da su. Kuskurensa ɗaya, ya ɗauki kowa mutum ɗaya ne, kuma bai san Malam yana da aiki a gabansa ba. Ya mayar da tabarau ya ce in yi haƙuri, ya wuce.

Sai na koma kan ƙaramin. Na tare shi yana wanke hannu. Shi bai yi mini doguwar magana ba. Ya waiga ya ga babu kowa, ya ce, "Mama, ni da za a bi tawa ba za a ɓoye ba. Jikin mutum nasa ne. Amma maigidana ya hana, ba ni da ikon in je in same shi da maganar. Abu ɗaya dai, ni ba na yi wa mara lafiya ƙarya. In ya tambaye ni da bakinsa zan faɗa masa, ko za a kore ni. A makaranta an koya mana a jira mara lafiya ya nuna yana son ji. Kullum sai na tsaya a kansa na ce Baba ya jiki, in yi shiru ina jira. Kullum sai ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. To mutumin da yake cewa da sauƙi, a ganina ba ya son ya ji."

Wallahi duk da abin da yake cina sai da na yi dariya.

"Ɗan nan, kai ba Bahaushe ba ne?"

"Bahaushe ne mana, Mama."

"To a gidan uban wa ka taɓa jin an ce da dattijo ya jiki, ya ce da tsanani? Uwata tana kan gargara aka ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi. Gaishe shi kake yi yana amsawa. Boko ya cinye maka kai."

Ya tsaya da hannu a jiƙe yana kallona. Ya ce, "To ya zan yi?"

Na ce, "Kai dai ka riƙe alkawarinka. Tambaya ni zan kawo maka ita."

Na faɗa da ƙarfin gwiwa, amma sai da na yi kwanaki ina fama. Don shi ma Malam yana da tasa dokar. Da na ce ya tambayi likita sunan ciwonsa, kallona ya yi kamar na ce ya fita ba wando.

"In tambaye shi? Mutum da iliminsa? Kin taɓa ganin an tsayar da liman an ce yana da alwala? In akwai abin faɗa ai zai faɗa. Tun da bai faɗa ba, babu."

Kun ji fa. Likita yana jiran Malam ya tambaya, Malam yana jiran likita ya faɗa, kowa yana ganin ladabi yake yi wa ɗan'uwansa, kwana kuma yana tafiya. Kullum da safe ina ta taga ina jin su. Ya jiki, da sauƙi. Ya jiki, da sauƙi. Har na ji kamar in jefa musu murfin kwano.

Ranar da babban ɗanmu ya zo dubiya ya ce alkama ta yi kyau, ta rufe ƙasa, sai dabara ta zo mini. Bayan ya tafi na ce, "Malam, to kar ka tambaye shi ciwo, tun da wannan aikinsa ne. Tambaye shi naka aikin. Ka ce kana da alkama a gona, za ka tashi kafin girbi ko ka nemi wanda zai tsaya maka? Wannan ai tambayar manomi ce, ba raini a ciki."

Ya ce, "Yara suna nan, me zan nema?"

Na ce, "Yara ba su san da taku uku ba."

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "A gadon asibiti ma ba za ki bar ni ba?"

Na ce, "A gadon asibiti ne ma ba zan bar ka ba. In likita ya ce za ka yi girbi, na rantse ba zan ƙara tayar maka da zancen ba sai alkama ta shiga buhu."

Ya juya mini baya. Ranar ko kunun da na dama bai karɓa daga hannuna ba, sai da na ba maƙwabcin gadonsa ya miƙa masa.

Washegari da la'asar ƙaramin likita ya zo zuƙar ruwa. Ni nake riƙe robar da ruwan yake zuba, don haka ba a kore ni ba. Ya ce, "Baba, ya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ce a raina shi ke nan, yau ma an tashi a banza. Aka gama, yaron yana naɗe tiyonsa a hankali, ya fi kullum daɗewa. Sai Malam ya yi gyaran murya, yana kallon silin, ya ce, "Likita, ba shiga aikinka zan yi ba. Ina da 'yar alkama a gona, saura kamar wata biyu a yanka. Zan yanke ta da hannuna?"

Yaron ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya jawo labule ya zagaye gadon, ya zauna a gefen katifa, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba.

"Baba, kana so in faɗa maka yadda abin yake?"

"Ai shi ya sa na tambaya."

"Ciwon daji ne a hantarka. Ya yi nisa. Ba mu da maganin da zai cire shi, ba a nan ba, ba a wani asibitin ba. Abin da za mu iya shi ne mu rage maka zafi. Rai a hannun Allah yake, ni ban san rana ba. Amma in kana da abin da kake son yi, kada ka jira girbi."

Bai tauna maganar ba. Malam ya rufe ido ya yi innalillahi sau uku. Sannan ya ce, "Tun yaushe kuka sani?"

"Kwana tara ke nan."

"Kwana tara kuna ba ni tsire." Ya juyo ya kalle ni. "Har da ke?"

Na ce, "Ni na faɗa maka, ka ce ina da mugun baki."

Ya ce, "A sallame ni gobe."

Da safe babban likita ya zo zagaye, labari ya riga ya kai masa. Wata nas ta ce mini ya yi wa yaron faɗa a ofis har ana ji daga waje. Amma da ya iso gadon Malam sai ya sa aka kira ni ciki, ya jawo kujera. A ranar ya fara yi wa Malam magana kamar yana magana da mutum, ba da ciki ba. Ya yi masa bayanin abin da zai biyo baya, da yadda za a sha maganin zafi, da abin da za mu yi in ciki ya sake cika. Wallahi ya fi kowa iya bayani, ashe iyawar tana nan, ajiye ta ya yi. Da zai tashi ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Iya, kin yi yadda kike so. Allah ya sa ke ce da gaskiya."

Kwana biyun farko a gida na ɗauka shi ne da gaskiya. Malam ya kwanta ya juya fuska bango, daidai yadda dattijon ya faɗa. Ba ci, ba magana, sai salla a kwance. Ƙaninsa ya tsaya a tsakar gida ya ce da ni, "To ga shi nan, kin kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba." Babu wasa a bakinsa ranar, kuma daga ranar bai ƙara ce mini matar yaya da dariya ba har ya bar duniya. Na shiga madafa na zauna a kan turmi, na ce ya Allah in kuskure na yi ka ɗora mini, kar ka ɗora masa.

A rana ta uku da hantsi ya kira ni. Ya ce in dama masa koko mai zafi, in aika a kira liman da mai unguwa da ɗan maƙwabcinmu marigayi, kuma yara su ɗaura amalanke.

Aka shimfiɗa masa katifa a amalanke, shanu suna ja a hankali a kan hanyar bakin kanal, mu muna bi a ƙasa. Mata ba sa zuwa irin wannan, amma babu wanda ya ce in koma. Mutane suna ban ruwa suna ɗagowa suna kallonmu. Alkama ta yi kore shar, ta fara fitar da kai.

Da muka isa ya sa 'ya'yansa suka sauko da shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka kai shi gindin turke. Ya ce da liman da mai unguwa su matso su ji da kyau, don muryarsa ba ta fita. Ya ce, "Ku shaida, tun ranar da aka kafa turken nan na san ba a nan ya kamata ya zauna ba. Taku uku daga nan har ƙarshe na marigayi ne. Na sani na yi shiru. Yau na mayar."

Ɗan marigayin, magidanci ne a lokacin, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, a bar shi yadda yake. Wallahi mun yafe."

Na ce daga bayansu, "Ka yafe naka. Na ƙannenka mata uku fa, su suka aiko ka?"

Mai unguwa ya harare ni, amma liman ya ce maganarta a kan hanya take, ba ya yafe abin da ba nasa ba.

Sai babban ɗanmu ya ce, "To Baba, a bari a girbe mana. Mu muka zuba iri, mu muka zuba taki."

Malam ya ce, "Da wannan maganar na yi shekara goma sha biyu. Da alkamar da ke kai duk nasu ne. Riƙe ni."

Suka riƙe shi ya taka da ƙafarsa a cikin alkamar, kumburarriyar ƙafa, ɗaya, biyu, uku, kowane taku sai ya tsaya ya huta. Inda ya tsaya ya ce a nan. Aka je cire turke ya ƙi fita, ya yi tsatsa ya kama ƙasa. Samari uku suka jijjiga, ko motsi. Aka ce to a mayar da Malam gida, rana ta yi zafi, gobe a zo da diga a cire. Ya ce babu inda za shi. Ya sa aka zaunar da shi a kan gaɓar kanal, na cire mayafina ɗaya na yi masa inuwa, ƙaramin ɗanmu ya hau keke ya tafi gari neman diga. Muka zauna kusan awa guda, yana numfashi da ƙyar, bai ɗauke ido daga turken ba har aka haƙo shi, aka kai inda ƙafarsa ta tsaya, aka buga. Sai da ya sa mai unguwa ya kama ya jijjiga ya ce ya zauna daram, sannan ya yarda aka ɗauke shi.

A satin na bi 'ya'yan marigayin mata uku ɗaya bayan ɗaya a gidajen aurensu, har da wadda take Madobi, na roƙa masa yafiyar shekarun da ya noma musu ƙasa. Kowacce na dawo na faɗa masa abin da ta ce, da bakinta.

Ya rasu saura kwana goma sha ɗaya a fara yanka. 'Ya'yan maƙwabci suka yanki taku ukunsu, namu suka yanki sauran, babu wanda ya ɗaga wa wani murya.